Zanen kilas a handawut ɗin Java: yadda adashe ya gyara mana kwas

Kwas ɗin na 'yan aji biyu ne a sashen kimiyyar kwamfuta, a wata makarantar gaba da sakandare a arewacin Najeriya, inda nake koyar da rubuta manhaja da Java. A zangon farko ɗalibi yana koyon abin da zai iya gamawa cikin fayil guda: ya karɓi lamba, ya yi lissafi, ya gindaya sharaɗi, ya maimaita aiki sau goma. Yawancinsu suna haye wannan lafiya. A zango na biyu ne ake raba manhaja gida-gida, kowane gida da kilas ɗinsa, kuma a nan ƙafar da yawa take zamewa.

Ga wanda bai saba da kalmar ba, kilas kamar fom ne da ba a cike ba. Yana da gurbin suna, gurbin lambar waya, da jerin ayyukan da mai fom ɗin zai iya yi. Idan aka cike shi da bayanan mutum guda, an sami objek. Fom ɗaya ne, amma mutum dubu za su iya cike irinsa.

Aikin da muke ginawa tare tun farkon zango har ƙarshensa manhajar lissafin adashe ce. Na zaɓe ta don babu ɗalibin da sai an yi masa bayanin zubi da kwasa. Kowa ya tashi ya ga ana yi a gidansu ko a kasuwa. Kilas shida ne: Adashe, Mamba, UwarAdashe, Zagaye, Zubi da Kwasa. Da gangan na kauce wa sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ. Java tana karɓar waɗannan haruffa a sunan kilas, amma kibod ɗin ɗakin kwamfutarmu ba shi da su, kuma fayil mai irin wannan suna yakan rikice idan ya bi ta filas daga wannan kwamfuta zuwa waccan.

Handawut ɗin da nake rabawa a lokacin kod ne zalla, fayil bayan fayil, da ɗan bayani a tsakani. Tambayoyin da suke shigowa zauren WhatsApp na aji kusan iri ɗaya ne kullum. "Malam, a wane fayil ake lissafa jimlar zubi?" "Malam, me ya sa Kwasa ba ta san sunan mamba ba?" Wani ya kwafe fayil shidan duka babu kuskuren harafi ko ɗaya, manhajar ta tashi ta yi aiki, amma da na ce ya ƙara gurbin ranar da aka yi zubi sai ya buɗe fayilolin ɗaya bayan ɗaya yana kallona. Ya san kowane layi, bai san wa ke riƙe da wa ba.

Zanen farko

Maganin da kowane malamin manhaja zai fara tunawa shi ne zanen kilas na UML. Tsarin zane ne da Grady Booch da James Rumbaugh da Ivar Jacobson suka haɗa a kamfanin Rational Software daga hanyoyi uku da kowannensu yake da ita a da, ƙungiyar OMG mai tsara ƙa'idojin manhaja ta amince da shi a 1997, sannan UML 2.0 ta fito a 2005. Kowane kilas akwati ne mai hawa uku: suna a sama, bayanan da yake riƙewa a tsakiya, ayyukansa a ƙasa. Alamar tarawa a gaban abu tana nufin kowa na iya taɓa shi, alamar ɗebewa kuma tana nufin na cikin gida ne. Layukan da ke tsakanin akwatuna su ne suke faɗin dangantaka.

Ban zana da hannu ba. Akwai manhajoji da suke karanta kod su fitar da zane da kansu, na ba wa ɗaya daga cikinsu fayilolinmu, cikin ƙiftawar ido ta miƙo mini hoto. Komai yana ciki: kowane gurbi, kowane ƙaramin metod (wato aikin da kilas ke yi) na karɓa da ajiyewa, har da nau'in kowace lamba. Na matse shi a shafi guda, na sa a ƙarshen handawut, na ji na sauke nauyi.

Mako biyu bayan nan na karɓi handawut ɗin wani ɗalibi a ɗakin kwamfuta don in nuna masa wani abu a zanen, sai ni kaina na kasa karantawa. Kwafinsa daga kwafin wakilin aji aka ɗauka, na wakilin ajin kuma daga nawa, a injin da tawadarsa ta kusa ƙarewa. UML tana jingina ma'ana mai nauyi a kan ƙananan alamu. Daimon baƙi a bakin layi yana nufin abin da ke ɗaya gefen ba ya rayuwa idan babu mai shi, daimon fari kuma riƙo ne mai sauƙi. Layi miƙaƙƙe mai alwatika a kai gado ne, wato wani kilas ya ɗauki gurabe da ayyukan wani, tsinkakken layi mai alwatika kuma cika alkawarin intafes ne, wato jerin ayyukan da kilas ya ɗauki nauyin yi. Sunan da aka karkata rubutunsa kilas ne da ba a ƙera objek kai tsaye daga gare shi. Bayan fotokofi na uku, daimon fari da baƙi duk sun zama ɗigon toka, tsinkakken layi ya haɗe, karkataccen rubutu ya miƙe. Masu karantawa a waya kuma, in sun buɗa hoton har rubutun ya fito, sai ƙarshen layin da suke bi ya fita daga allo.

Ko da hoton ya fito tas, ina ganin da bai taimaka ba. Duk abin da ke cikin kod na zuba a cikinsa, don haka wanda kod ya yi wa yawa zanen ma ya yi masa yawa.

Abin da ya juya mini tunani shi ne BlueJ, manhajar koyar da Java da Michael Kölling da John Rosenberg suka fitar a jami'ar Monash ta Ostireliya a 1999. Da zarar an buɗe aiki a cikinta, zanen kilas ne yake fara bayyana kafin kod. Amma zanen nata tsirara yake: sunan kilas kawai a akwati, da kibiya iri biyu, ta gado da ta amfani. Mutanen da suka ɗauki shekaru suna nazarin yadda sabon shiga ke koyon wannan fanni sun zubar da mafi yawan alamun UML, ni kuma na kwaso su duka na ɗora wa 'yan aji biyu.

Zane na biyu, da rigimar kibiya

Na cire babban zanen na maye gurbinsa da ƙanana. Kowanne yana da tambaya guda a rubuce a samansa, irin wadda suke yi mini a WhatsApp: Wa ke riƙe da jerin zubi? Ta ina Kwasa take gano mai ita? Akwati ba ya wuce huɗu ko biyar, kuma gurbin da bai shafi tambayar ba ba ya shiga. Zanen yana shafi ɗaya da kod ɗin da yake bayani a kai, don na lura babu mai juyawa zuwa ƙarshen takarda yana tsakiyar aiki. A kan kowane layi na rubuta kalma, "gado" ko "mallaka" ko "yana amfani da", saboda in injin fotokofi ya cinye daimon kalmar ta tsira.

Matsalar da ban zata ba ita ce alkiblar kibiyar gado. A UML kan kibiyar yana wajen uba: daga UwarAdashe take tashi ta nufi Mamba, kilas ɗin da ta gada. Kusan rabin ajin suka zana ta a juye a aikin gida, kuma da na tambaya, hujjarsu mai ƙarfi ce. Gado daga mai dukiya yake gangarowa zuwa magada, to don me kibiya za ta hau sama? Na yi ta bayanin cewa ɗan ne ya san ubansa a cikin kod, don a fayil ɗin ɗan ake rubuta `extends`, uban kuwa bai ma san an gaje shi ba. Bayanin daidai ne amma bai zauna ba. Wanda ya zauna shi ne da na ce su ɗauki kibiyar a matsayin yatsan yaro da aka tambaya "ɗan gidan wa ne kai?" ya ɗaga hannu ya nuna. Na sa wannan jimlar a ƙasan shafin, kuma tun daga nan kuskuren ya ragu sosai.

Lambobin da ke bakin layi ma sun ba da wahala, don ana karanta su ne daga ɗaya gefen. Lambar da ke kusa da akwatin Zubi tana faɗin yawan zubin da mamba guda zai iya yi. Wannan sai da maimaici.

Ranar da aka kama ni

A cikin ƙananan zanen akwai wanda ya haɗa Mamba da Kwasa, da lamba 1 a kowane gefe: mamba guda, kwasa guda, har adashe ya ƙare. Haka kod ɗin yake tun shekarar da na fara rubuta shi, kuma ɗalibai sun kwafe shi zango bayan zango ba wanda ya ce uffan.

Ina cikin bayani wata ɗaliba da ba ta cika magana a aji ba ta ɗaga hannu.

"Malam, wannan ɗayan da ke gefen Kwasa, yana nufin mutum sau ɗaya kawai zai kwasa?"

Na ce haka ne.

"To Malam, mai hannu biyu fa? Mamanmu hannu biyu take shiga, tana zuba ninki, kuma sau biyu take kwasa."

Kafin in amsa wani daga baya ya ce a shagon yayansa akwai yara biyu da suka haɗa hannu ɗaya, kowa yana ba da rabi, ranar kwasa su raba. Aji ya kaure. Kowa yana da labarin adashen da manhajata ba za ta iya lissafawa ba.

Gaskiyarsu ce, kuma kuskuren ba ƙarami ba ne. A adashe hannu ne yake zubi, hannu ne yake kwasa, mutum mai riƙe da hannu ne kawai. Manhajar ta rasa kilas guda cur. A cikin kod wannan zato yana ɓoye a layi ɗaya na fayil ɗin Mamba, gurbi guda mai nau'in Kwasa inda ya kamata a ce jeri ne, kuma ɗalibin da ke fama da waƙafi da baka ba zai tsaya ya tuhumi wannan layin ba. A zane kuwa lambar tana tsaye ita kaɗai a fili, kuma duk wanda ya taɓa kai wa uwarsa kuɗin zubi ya isa ya ƙaryata ta.

Na ajiye darasin ranar muka gyara a allo. Muka sa akwatin Hannu a tsakiya, Zubi da Kwasa suka koma jikinsa. Tsakanin Mamba da Hannu muka rubuta cewa mamba yana iya riƙe hannu ɗaya ko fiye, hannu kuma na mutum ɗaya ne ko biyu. An yi gardama a kan ko a bar shi a buɗe, tunda babu abin da ya hana mutum uku su haɗa hannu. Muka tsaya a biyu don aikin kada ya fi ƙarfin zangon, muka rubuta a gefe cewa mu muka zaɓi wannan iyaka. Tsakanin Adashe da Hannu muka sa daimon baƙi, domin in adashe ya watse hannu ba shi da sauran ma'ana, alhali mamba yana nan da ransa zai shiga wani.

Da aka fara tonawa sai aka tono har UwarAdashe, wadda na yi ta alfahari da ita a matsayin misalin gado. Wani ya ce uwar adashen unguwarsu ba ta zubi ko kaɗan, tarawa kawai take yi. Wata ta ce mace tana iya zama uwa a wannan adashe, a wancan kuma 'yar zubi ce kamar kowa. A Java, objek ba ya canja kilas bayan an ƙera shi, don haka in aka ƙera mace a matsayin UwarAdashe ta zauna a haka ko'ina. Zama uwar adashe muƙami ne da ake riƙewa a cikin adashe guda. Muka goge kibiyar gadon, muka ja layi daga Adashe zuwa mutum muka rubuta "uwa" a kansa. Na rasa misalina na gado, dole na nemo wani, kuma na same shi a cikin Java kanta.

Shafin da ya fi tsufa a hannunsu

Zanen dangin kurakurai na Java ne. Throwable a sama, Error da Exception a ƙarƙashinsa. Daga Exception reshe ɗaya ya tafi IOException, wadda FileNotFoundException ta gada. Ɗaya reshen RuntimeException ne, mai ɗauke da NullPointerException da IllegalArgumentException, ita kuma ta biyun NumberFormatException ta gaje ta. Akwati tara, ya wuce iyakar da na sa wa kaina, amma babu komai a cikinsu sai suna.

Wannan shafi ya kashe tambayoyi biyu da suka daɗe suna cin lokacin ɗakin kwamfuta. Ta farko, me ya sa Java take tilasta a tari wasu kurakurai, wato a rubuta abin da za a yi in sun auku, ta ƙyale wasu: duk abin da ke ƙarƙashin Exception dole a tare shi ko a sanar da shi, in ban da reshen RuntimeException, wanda na zagaye da layi. Ta biyu, me ya sa kod yake ƙin haɗuwa in aka tari IOException kafin FileNotFoundException. Da kallo ɗaya ɗalibi yana ganin cewa ragar uba ta riga ta kama ɗan, ta biyun ba abin da zai iso gare ta. A ƙarshen zango shafin nan ne ya fi kowanne datti da lanƙwasa a handawut ɗin da na gani.

Na ƙara makamancinsa na jerin ajiya: Collection, da List da Set da Queue a ƙarƙashinta, ArrayList da LinkedList da HashSet a ƙasa. Map na ajiye ta can gefe babu layin da ya haɗa ta da Collection, don haka take a Java, kuma ɗalibai da yawa suna zaton 'yar gidan ce.

Zanen da ya yi ƙarya

Bayan gyaran Hannu na canja sunan wani metod a kod daga `jimla` zuwa `jimlarZubi`, na kuma mayar da shi daga Mamba zuwa Hannu. Na sabunta fayilolin da nake rabawa. Zanen da ke shafi na gaba kuwa hoto ne da na haɗa a wata manhajar zane, yana wani wuri daban a kwamfutata, na manta da shi sam.

Daren da za a miƙa aikin gida saƙonni suka yi ta shigowa. Sun kira `jimla` a kan Mamba kamar yadda zanen ya nuna, Java ta ce ba ta san wannan suna ba. Abin da ya fi damuna shi ne babu wanda ya zargi takardar. Wasu sun sake sauke Java, wani ya goge aikinsa ya faro daga farko, wata ta ƙirƙiri metod ɗin da kanta a cikin Mamba don ya dace da zanen, ta rusa gyaran da muka yi a allo. Na koya musu su dogara da zanen, sun kuwa dogara. Laifina ne, na faɗa musu haka, na ƙara musu kwana uku.

Daga nan na daina ajiye zane a matsayin hoto. Na koma PlantUML, wadda Arnaud Roques ya fitar a 2009, inda ake rubuta zanen da haruffa manhajar ta zana shi. Layin `Adashe "1" *-- "1..*" Hannu` shi ne akwati biyu da daimon baƙi da lambobinsu. Fayil ɗin zanen yana zaune a jaka ɗaya da kod, don haka in na nemi tsohon suna don in canja shi, binciken yana fito mini da shi a zanen ma. Mermaid tana aiki da rubutu mai kama da wannan, kuma tun 2022 GitHub, dandalin ajiye kod a intanet, yana zana ta kai tsaye a cikin shafin bayani, amma na zaɓi PlantUML don tana aiki a kwamfuta ba tare da intanet ba, abin da ke da muhimmanci a ɗakin da data ta fi wuta wuyar samu. Na kuma fara buga kwanan wata a ƙasan kowane zane, da gargaɗin cewa in zane da kod suka saɓa, kod ne mai gaskiya, a sanar da ni.

Wani amfani ya biyo baya wanda ban nema ba. Tunda zanen rubutu ne, ɗalibi yana iya turo shi a saƙon waya, layi biyar ko shida, in duba tsarin aikinsa kafin ya ɓata mako yana rubuta kod a kan gurguwar dangantaka.

Abin da zanen bai warware ba

Zanen kilas ba ya nuna lokaci. Yana faɗin cewa Zagaye ya san Hannu, amma ba ya faɗin wa ke fara kiran wa idan ranar kwasa ta zo, ko me zai faru in wani hannu bai cika zubinsa ba. Ɗaliban da suka rikice a kan jerin aukuwar abubuwa sun ci gaba da rikicewa, sai da muka bi kod ɗin layi-layi da manhajar bin sawun kod. UML tana da wani zane na daban don wannan, amma ban sa shi ba. Alamun da suke hannunsu sun ishe su a zango guda.

Akwai kuma masu haddacewa. A jarrabawa na sami takardu da aka zana adashenmu tsaf, har da daimon, a ƙarƙashin tambayar da ta ce a tsara manhajar tashar mota. Wani ma ya bar akwatin Hannu a tsakanin Direba da Fasinja. Ban ga laifin zanen a nan ba, don da kod ne ma haka za su haddace shi, amma ya nuna mini cewa ba wa ɗalibi zane a gama yana iya zama wata sabuwar hadda.

Saboda haka a handawut ɗin bana zane biyu na ƙarshe ba a kammala suke ba. Akwatunan suna nan da sunayensu, layukan babu lamba babu kan kibiya, ɗalibi ne zai karanta kod ya cike. Na kuma mayar da tsohon zanen Mamba da Kwasa, mai 1 a kowane gefe, shafin farko na babin, da tambaya a samansa: wane adashe ka sani da wannan zanen ba zai iya lissafawa ba? A ajin bana ba a yi minti biyar ba aka ambaci hannu biyu, sannan wani ya kawo wanda ban taɓa tunani a kai ba, wato mamban da ya kwasa a zagaye na biyu ya daina zubi. Har yanzu muna gardamar ko wannan sabon akwati yake buƙata ko gurbi guda a cikin Hannu ya isa.